Bitar haɗin renon ayaba a kwalba mai amfani da sitaci da sukarin kasuwa

Kayan da nake bita a nan kwali ne guda da ake sayar wa ƙananan ɗakunan gwaje-gwaje da masu gandun reno waɗanda suke son ninka irin ayaba a cikin kwalba ba tare da dogaro da tsadaddun sinadaran da aka saba amfani da su ba. A cikin kwalin akwai garin abincin tsiro wanda aka gina a kan takin feshi, da ƙullin tataccen sitacin rogo, da ƙananan kwalabe biyu na sinadarin girma, ɗaya na toho ɗaya na saiwa, da ɗan ƙullin garin gawayi, sai takardar bayani. Sukari da ruwa mai saye ne zai kawo nasa. Takardar ta ɗauki alkawari biyu: cewa haɗin zai maye gurbin haɗin Murashige da Skoog, wato abincin tsiro na kwalba da aka saba amfani da shi, a kowane mataki na aikin, kuma cewa tsiron da za a samu zai fito ba tare da cuta ba. Na yi aiki da shi kafaɗa da kafaɗa da haɗin da aka saba, da iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, a ƙarƙashin fitila ɗaya, har tsirrai suka fita daga kwalba suka shiga leda. Alkawarin farko ya cika a wasu matakai kuma ya gaza a wasu, na biyun kuwa bai kamata a rubuta shi a jikin kwalin ba sam.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala tun farko shi ne ayabar da ake ci ba ta da ƙwayar iri da za a shuka, sai dai a cire 'ya'yan da suke tsirowa a gindin uwa a dasa su. Uwa ɗaya ba ta ba da fiye da 'ya'ya kaɗan a shekara, kuma kowane ɗa yakan taho da abin da yake damun uwarsa: tsutsotsin da suke cinye saiwa, ƙwaron da yake huda gindi, da fumfunar Fusarium mai sa ganye ya yi rawaya itacen ya kwanta. Wannan fumfuna ce ta durƙusar da nau'in Gros Michel a gonakin kasuwanci na tsakiyar nahiyar Amurka a shekarun 1950, har masu fitar da ayaba suka koma wa Cavendish, kuma sabon salonta da ake kira TR4, wanda Cavendish ba ta iya jure masa, an tabbatar da shi a Mozambik a 2013, sannan a Kolombiya a 2019. Renon tsiro a kwalba yana yanke wannan gado, domin ana feƙe gindin ɗan ayaba har a kai ga zuciyarsa, a wanke ta da sifirit da ruwan bilic, a ɗora ta a kan abinci mai tsabta, ta yi ta fitar da toho. An fara nuna yiwuwar hakan ga ayaba a Taiwan a 1972, kuma a yau cibiyar ajiyar irin ayaba ta duniya da take birnin Leuven na Beljiyam tana riƙe da nau'o'i sama da 1,500 a cikin irin waɗannan kwalabe.

Haɗin da kusan kowa yake amfani da shi Toshio Murashige da Folke Skoog ne suka wallafa shi a 1962, kuma don taba suka tsara shi, ba don ayaba ba. A lita ɗaya, gishirinsa gaba ɗaya bai wuce giram 4.4 ba, a ciki har da miligiram 1,650 na amoniyam naitiret da miligiram 1,900 na fotasiyam naitiret, amma sai a zuba masa sukari giram 30 da agar wajen giram 7 ko 8 don ya daskare. Duk wanda ya dubi waɗannan lambobi zai gane inda kuɗi yake tafiya: sukarin ɗakin gwaje-gwaje shi ne mafi nauyi, agar kuma, wanda ake tatsa daga jajayen ciyayin teku, shi ne mafi tsada a cikin abubuwan da ake ƙarar da su da yawa. Ga kuma amoniyam naitiret, wanda ƙasashe da dama suka taƙaita sayar da shi saboda ana iya haɗa abin fashewa da shi, har mai ƙaramin ɗaki yakan sha wuya kafin ya samu. Saboda haka tunanin da ya haifar da wannan kwali tunani ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa da zuciya ɗaya.

Game da sukari ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Farin sukarin kasuwa kusan tsantsar sukuros ne, kuma a duk zagayen raba toho cikin sababbin kwalabe da na yi ban iya bambanta tohon da ya ci shi da wanda ya ci na ɗakin gwaje-gwaje ba, ko a tsayi, ko a kauri, ko a launin ganye. Takardar ta yi daidai da ta hana amfani da jan sukari, domin ragowar da take cikinsa tana sa haɗin ya yi duhu bayan dafawa. Ta kuma yi daidai da ta ce tukunyar tururi mai matsi ta ɗakin girki za ta iya tsayawa a madadin injin kashe ƙwayoyin cuta, matuƙar ta kai digiri 121 a ma'aunin Salshiyas aka kuma bar ta minti 15 zuwa 20, haka nan kwalaben gilashi da aka gama amfani da su sun wadatar idan murfinsu yana jure zafi.

A kan ruwa kuwa takardar ta yi sakaci. Ta ce a yi amfani da kowane ruwa mai tsabta, alhali ruwan da yake da tsabta wajen sha ba lallai ne ya dace da wannan aiki ba. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai kyau aka tafasa ya yi min aiki yadda ya kamata. Ruwa mai nauyin alli kuwa yakan ɗaga ma'aunin tsami, wato pH, ma'ana tsamin ya ragu, ya sa wani sashe na fosfet da ƙarfe ya kwanta a ƙasan tukunya, tsiron ya rasa su ko da yake an zuba. Ma'aunin da ake nema shi ne 5.7 zuwa 5.8 kafin a dafa, kuma babu ko takardar gwajin tsami guda a cikin kwalin, babu kuma layi ɗaya da ya faɗa wa mai saye ya nemi tasa. Wanda bai taɓa yin aikin ba zai haɗa komai bisa umarni, ya ga tohonsa yana rawaya, ya ɗora laifin a kan irin.

Sitaci shi ne zuciyar wannan kaya, kuma a nan ne na fi daɗewa ina kallo. Shi ne yake maye gurbin agar, amma don ya riƙe tsiro a tsaye sai an zuba shi da yawan da ya ninka na agar kusan sau goma, kuma dole a riƙa motsa shi a kan wuta har ya yi kauri kafin a raba shi cikin kwalabe, in ba haka ba sai ya kwanta a ƙasa ruwa ya taso sama. Wannan ƙarin aiki ne, amma ana sabawa da shi. Abin da ba a sabawa da shi shi ne launinsa. Agar garau yake, ana ganin gindin toho ta jikin gilashi, kuma ayaba tana yawan ɗauke da bakteriya a cikin jikinta waɗanda wankin bilic ba ya kai musu, sai bayan kwanaki su fito kamar farin hazo a kewayen gindin. A kan agar, mai aiki yakan ɗaga kwalba zuwa haske ya ga hazon nan take, ya ware ta. A kan sitaci fari ne a cikin fari, ba a ganin komai har sai abin ya yi yawa ya hau saman haɗin ko ya fara wari, kuma sau da yawa kafin lokacin an riga an raba tohon cikin sababbin kwalabe, wuƙa da hantsaki sun kai cutar ko'ina.

Lissafin ninki ne yake nuna girman wannan haɗari. Idan kowane toho ya ba da uku a zagaye ɗaya na mako uku zuwa huɗu, to bayan zagaye shida toho ɗaya ya zama 729. Wannan lissafi shi ne duk albarkar renon kwalba, kuma shi ne duk masifarsa, domin gurɓataccen toho ɗaya da ido bai gani ba a zagayen farko yana ninkuwa da saurin da mai lafiya yake ninkuwa. Saboda wannan dalili kaɗai ba zan ba kowa shawarar ya ɗora sabuwar zuciyar ayaba a kan sitaci ba. Matakin farko da zagaye na biyu a yi su a kan agar ko a kan gelan, wani abin daskarar da haɗi kamar agar, wanda giram 2 zuwa 3 kawai yake buƙata a lita kuma ya fi agar haske, har sai an tabbatar layin, wato tohon da suka fito daga zuciya ɗaya, ya tsarkaka. Kwalaben wannan mataki ba su da yawa, don haka abin da za a rage na kuɗi a kansu ƙanƙane ne, asarar da za a iya yi kuwa ta watanni ce. Masu magana sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan mataki ɗaya maganar ta zauna daram.

Akwai wata matsalar ta matakin farko da takardar ta ambata amma ta ba da maganin da bai cika ba. Ayaba idan an yanke ta takan zubar da wani ruwa mai baƙi wanda yake rina haɗin, ya toshe gindin zuciyar, wani lokaci ya kashe ta, kuma nau'o'in agade sun fi na Cavendish yin haka. Takardar ta ce a zuba gawayi. Gawayi yana shanye baƙin, amma yana shanye sinadarin toho tare da shi, sai a samu zuciya mai tsabta wadda ta ƙi tsirowa. Abin da ya fi yi min aiki shi ne tsoma yankan a ruwan sinadarin bitamin C kafin a ɗora, a ajiye kwalaben a duhu na 'yan kwanakin farko, a kuma sauya musu haɗi da wuri da zarar baƙin ya taru. Gawayin a adana shi zuwa matakin saiwa, inda yake da amfani na gaske.

A matakin ninki, bayan layi ya tsarkaka, haɗin ya ba ni mamaki, kuma ina faɗin haka da farin ciki. Toho ya fito cunkus, gajeru masu kauri, yawansu bai yi nisa da na haɗin da aka saba ba, kuma ban ga yawan ganyen nan mai kama da gilashi da yakan addabi tsiron da ya sha ruwa fiye da ƙima ba. Sinadarin tohon da aka saka shi ne BAP, a ma'aunin da bai fita daga miligiram 3 zuwa 5 a lita da aka saba ba, kuma na yaba da masu haɗin ba su yi yunƙurin maye gurbinsa da ruwan kwakwa kaɗai ba. Tun 1941 Johannes van Overbeek ya nuna cewa ruwan kwakwa yana ciyar da ƙananan tsirrai gaba, kuma yana da amfani a matsayin ƙari, amma ƙarfinsa yana bambanta daga kwakwa zuwa kwakwa, wanda yake son sakamako iri ɗaya kowane wata ba zai jingina da shi ba. Abin lura ɗaya shi ne sitaci yana sakin jiki da tafiyar lokaci, domin tsiron yana fitar da sinadarin da yake narkar da shi. Zuwa mako na uku sai a ga haɗin ya yi laushi, ruwa ya taru, toho ya fara nutsewa. Da agar mutum zai iya jinkirta rabo da mako guda idan aiki ya yi masa yawa, da sitaci kuwa babu wannan sarari.

Inda garin abincin ya nuna rauninsa shi ne bayan zagaye da dama a jere. Sababbin ganye suka fara fitowa da haske, jijiyoyinsu kore amma tsakaninsu rawaya, alamar ƙarancin ƙarfe, wasu kuma bakin tohonsu ya ƙone, wanda yakan biyo bayan ƙarancin kalsiyam. Wannan bai zo min da mamaki ba, domin takin feshi an yi shi ne don tsiron da saiwarsa take cikin ƙasa tana ɗebo sauran abin da ya rasa, kuma masu yin sa sukan rage kalsiyam don kada ya haɗu da fosfet ya daskare a cikin buhu. Tsiron kwalba ba shi da wata ƙasa da zai nema a ciki; abin da aka zuba masa shi ne duniyarsa. Gyaran mai sauƙi ne ga wanda ya san abin da ya rasa, amma jikin ƙullin bai faɗi ko giram nawa na kowane sinadari yake ciki ba. Na rubuta wa masu sayarwa ina neman jerin, aka amsa min da ladabi cewa sirrin kasuwanci ne. Ban yarda da wannan amsa ba. Haɗin 1962 ya yaɗu a duniya ne saboda an buga lambobinsa kowa ya gani, kowa ya iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon buƙatar tsironsa, kuma mai aikin da bai san abin da yake ciyar da tsironsa ba ba zai iya gyara komai ba idan abu ya karkace. Da na ƙara ƙarfe irin wanda ake sarrafawa don tsiro ya iya sha, da ɗan kalsiyam kulorayid, sababbin ganye suka dawo kore, amma lalube na yi, kuma bai kamata mai saye ya yi lalube ba.

Takardar ba ta ce komai game da iyakar zagaye ba, wannan shirun kuwa yana iya cutar da manomi da bai taɓa ganin kwalbar ba. Idan aka yi ta raba layi ɗaya ba iyaka, musamman da sinadarin toho mai yawa, wasu tsirrai sukan bauɗe daga kamannin uwarsu. A Cavendish an fi ganin wadanni masu gajeren jiki da nonon da bai cika ba, ko masu ganye mai dabbare-dabbare, kuma da yawansu ba a gane su sai sun girma a gona, bayan an kashe musu taki da ruwa na watanni. Ɗakunan da suka san aikinsu sukan tsaya a wajen zagaye shida zuwa takwas su koma su ɗauko sabuwar zuciya daga uwa. Haɗi mai araha yana jan mutum ya ci gaba da ninkawa, don haka shi ya fi kowane buƙatar wannan gargaɗi a rubuce.

Matakin saiwa ya tafi lafiya. Da aka cire BAP aka saka sinadarin saiwa da ɗan gawayi, saiwoyi suka fito farare masu yawa, wataƙila ma laushin sitaci ya sauƙaƙa musu ratsawa. Wahalar tana wajen wanki. Agar yakan ɓare daga saiwa a dunƙule, sitaci kuwa yana manne mata, kuma duk ɗan abin da ya rage a jiki, da sukarin da yake cikinsa, abinci ne ga fumfuna da zarar tsiron ya shiga ƙasar reno. Sai an jiƙa saiwoyin a ruwa mai ɗumi an bi su da yatsa a hankali, wanda yake cin lokaci fiye da yadda ake zato idan tsirrai ɗaruruwa ne. Ya kamata mai saye ya saka wannan lokaci a lissafinsa, domin a irin wannan sana'a hannun ma'aikaci da wutar lantarkin da take kunna fitila awa 16 a rana tana riƙe ɗaki a digiri 25 zuwa 28 su ne suke cin kaso mafi girma, ba haɗin ba. Bayan wanki mai kyau, tsirran sun jure sabawa da iskar waje kamar sauran: an rufe su cikin danshi mai yawa a inuwa, aka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har ganyensu ya koyi riƙe ruwa, kuma a cikin leda ban iya nuna wanda ya tashi a sitaci da wanda ya tashi a agar ba.

Sai alkawari na biyu, wanda ya fi damuna. Babu wani haɗi, mai tsada ko mai araha, da yake warkar da cuta. Feƙewa da wankewa suna raba tsiro da tsutsa da ƙwaro da yawancin fumfuna, amma ƙwayoyin bairos suna zaune ne a cikin naman tsiron, kuma idan uwa tana ɗauke da bairos mai dunƙule kan ayaba, wanda darɓar ayaba, ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro, take yaɗawa, to 'ya'yanta na kwalba za su iya fitowa da shi gaba ɗayansu, kore shar a ido. Akwai ma bairos mai zane a ganye wanda yake kwance cikin ƙwayoyin halittar agade da danginta, kuma wahalar renon kwalba ita kanta takan tayar da shi. Hanyar kariya ita ce a gwada uwa a ɗakin da yake da na'urar PCR ko gwajin ELISA, hanyoyin gano bairos a jikin tsiro, kafin a yanke ta, a ajiye uwayen da suka tsallake a cikin ɗakin raga inda darɓa ba ta shiga. Haka kuma tsiro mai tsabta ba tsiro mai garkuwa ba ne, idan aka dasa shi a ƙasar da Fusarium take ciki zai kamu, kuma wannan fumfuna tana iya zama a ƙasa shekaru gommai. Kalmar "marar cuta" a jikin kwali tana sa ƙaramin mai reno ya maimaita ta ga manomi da gaskiyar zuciyarsa, manomi ya dasa gona guda a kanta, kuma shi ne zai ɗauki asarar.

Wanda ya riga ya iya aikin, yana da agar kaɗan na matakin farko, yana da abin auna tsami da wurin da zai gwada uwayensa, zai amfana da wannan kwali a ninki da saiwa, inda kwalabe suke da yawa kuma ragin kuɗin yake bayyana, kuma ni kaina a nan nake ci gaba da amfani da shi, ina barin 'yan kwalaben agar a kowane zagaye su zama min madubin abin da sitaci yake ɓoyewa. Ga sabon shiga kuwa, wanda hoton jikin kwalin ya fi yi wa magana, ina ganin ya fara koyo da haɗi mai haske har idonsa ya san kamannin gurɓata. Ina kuma roƙon masu yin kayan su sauya ledar garin abincin, domin siririya ce ba ta rufuwa bayan an buɗe, garin yana jan danshi ya dunƙule cikin 'yan kwanaki har awo ya daina zama daidai, sannan su rubuta a jikin kwalbar BAP cewa a firji ake ajiye ta, tare da ranar da aka narkar da ita.